Hawan Sallah da Ginin Ƙasa a Kazaure da Babura: Gadon da Matafiyi Ke Wucewa

Yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wanda ya ƙunshi Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, yana zaune ne a tsakanin garuruwa uku da suka yi suna a tarihi, wato Kano daga kudu, da Daura da Damagaram ta Jamhuriyar Nijar daga arewa. Wannan matsayi ya yi wa yankin rana ta fuskar fatauci da zirga-zirga, amma ya danne sunansa ta fuskar yawon buɗe ido, domin matafiyin da ya taso daga Kano zuwa Daura don ganin rijiyar Kusugu yakan ratsa Kazaure, mai nisan kimanin kilomita 80 daga Kano, ba tare da ya san ya keta babban birnin wata masarauta da ta haura shekara 200 da kafuwa ba. Abin da ake nufi da yawon buɗe ido shi ne tafiyar da mutum kan yi zuwa wani wuri don kallo ko ƙarin sani ko hutu, yana kashe kuɗinsa a wurin masu masauki da abinci da sufuri da sana'ar hannu, kuma jarin wannan harka a ƙasar Hausa bai wuce abu biyu ba: bukukuwan da ake yi har yau, da gine-ginen da magabata suka bari.

Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗan Tunku, wani jagoran Fulani na zuriyar Yarimawa da ya taka rawa a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya baro Ɗambatta ya kafa mulkinsa a Kazaure wajen shekarar 1819, bayan saɓani da gwabzawa tsakaninsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ta hanyar amincewa da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. An yanko ƙasarta ne daga gefen Kano da Katsina da Daura, kuma Dambo ɗan Ɗan Tunku, wanda ya gaje shi a 1824, shi ya ƙarfafa ta ya faɗaɗa ta. Babura kuwa tarihinta daban ne, domin ta kasance garin bakin iyaka na masarautar Kano da ke fuskantar Damagaram a ƙarni na 19, lokacin da hare-hare daga arewa suka zama abin da kowane gari ke shiri dominsa; da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta 1991, sai Babura ta faɗa cikin sabuwar masarautar Ringim tare da Garki da Taura. Saboda haka yanki guda ne a taswira amma fada biyu ne a sarauta, kuma wannan yana da tasiri a kan inda dawakin kowace gunduma ke dosa ranar Sallah.

Hawan Sallah shi ne jerin gwanon mahaya dawaki da sarki kan jagoranta bayan an sauko daga Idi, a Ƙaramar Sallah ranar 1 ga Shawwal da Babbar Sallah ranar 10 ga Zulhajji, kuma yakan ci gaba a kwanakin da ke biye da sunaye daban-daban gwargwadon al'adar kowace fada. Asalinsa duba rundunar yaƙi ne: hakimai, wato masu riƙe da gundumomi a madadin sarki, sukan zo da dawakinsu da mutanensu su nuna cewa a shirye suke, su kuma sabunta mubaya'a. Wannan asali bai ɓace daga tsarin hawan ba ko da yake yaƙin ya ƙare, domin har yanzu ana ganin 'yan lifidi, waɗanda su da dawakinsu ke sanye da kariya mai kauri da aka cusa wa auduga don tare kibiya, da 'yan sulke masu rigar sarƙar ƙarfe, da 'yan bindiga masu harba bindigar gargajiya, da dogarai cikin ja da kore, da zagage masu tafiya a ƙasa gaban dokin sarki. Kakaki da tambari kayan sarauta ne da ba a busa su ko a kaɗa su don kowa, laima kuma alama ce da ke nuna wa mai kallo daga nesa inda sarki yake. Ƙololuwar abin ita ce jahi, inda mahaya kan sako dawaki a guje su ja linzami su tsaya cak a gaban sarki suna jinjina, wanda a da gwajin ƙwarewar mahayi ne da horon doki a lokaci guda.

Mai kallo yakan ga sa'o'i kaɗan na ado da ƙura, amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne aikin shekara guda da ke bayan wannan rana. Doki dabba ce mai tsadar riƙo, wadda ke buƙatar harawa da dusa da gero da kanwa da mai kula da ita kullum, ko an hau ko ba a hau ba, kuma a zamanin da farashin hatsi ya tashi, hakimi ko attajirin da ke ɗaure da dawaki a bargarsa yana ɗauke ne da wani nauyi na jama'a daga aljihunsa. Daga nan sai masu sassaƙa sirdi, da dukawa masu aikin fata da ke ɗinka ragama da kayan ado, da maƙera masu ƙera likkafa da linzami, da masu ɗinkin jalala da alkyabba da manyan riguna, da marina, da makaɗa da maroƙa waɗanda ke riƙe da kirarin kowace sarauta a ka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i gado ne da ake koya a gida, kuma duk wanda ya mutu bai bar magaji ba, to an sami giɓin da sai dai a cike shi da kayan kasuwa na roba da ƙyalli. A nan ne hawa ke fara lalacewa tun kafin a lura, domin dawaki za su ci gaba da fitowa, jama'a za su ci gaba da taruwa, alhali ilimin da ke ba abin ma'ana yana raguwa shekara bayan shekara.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan Kano a jerin al'adun ɗan Adam da ake gada ta baki da aiki, kamar yadda ta sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Wannan karramawa ta ambaci Kano ce kaɗai, amma ta ɗaga darajar al'adar baki ɗaya, kuma masarautun Jigawa biyar, wato Haɗejia da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse, suna da hurumin cin moriyarta. Hawan ƙaramar masarauta yana da wata fa'ida da babban birni ya rasa, domin cunkoson bai kai na Kano ba, baƙo yana iya matsowa ya ga ɗinkin kayan doki da idonsa, ya kuma sami wanda zai gaya masa sunan kowace tawaga. Dakatar da hawan Kano da hukumomin tsaro suka yi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta ya ƙara nuna cewa bai dace a ɗora martabar al'ada mai faɗin ƙasar Hausa a kan gari guda ba. Wahalar da ke akwai ita ce ta lokaci: shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, kuma ranar Ƙaramar Sallah ba ta tabbata sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, don haka mai zuwa daga nesa yana buƙatar fada ta fitar da tsarin hawanta da wuri, da hanyoyin da za a bi da wuraren tsayuwa, ko da ranar ta rage a tabbatar.



Sha'anin gine-gine ya fi na hawa gaggawa, domin hawan da aka fasa bana ana iya yin sa baɗi, amma soron da ya rushe ya tafi ke nan. Ginin gargajiya na Hausa ana yin sa ne da tubali, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula da hannu aka shanya, ana jera shi ana cike tsakani da laka har bango ya tashi da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Rufin yana hawa ne a kan azara, itacen giginya da aka tsaga wanda gara ba ta cika cinsa ba, kuma idan ana son ɗaki mai faɗi kamar zauren fada ko masallaci sai a yi bakan gizo, wato ginshiƙi mai lanƙwasa da ake ɗaure azara a cikinsa daki-daki har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shi ne misalin da masana suka fi ambata. Ana kare bango daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, haɗin da katsin marina ke ciki, sai indararo da ke fitar da ruwan sama nesa da bango, da zanko da ke tsaye a kusurwoyin soro. Irin wannan gini yana riƙe sanyi da rana ya saki ɗumi da dare, abin da ya dace da yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, amma sharaɗinsa guda ne, shi ne a yi masa yaɓe a gyara rufinsa kafin kowace damina.

Wannan sharaɗi shi ne ya karye. Da can gyaran fada da ganuwa da masallaci aikin gayya ne da sarkin magina ke jagoranta, kowace unguwa da rabonta. Da aikin gayya ya ja baya, bulo da siminti da kwano suka zama alamar wadata, sai magina suka koma inda kuɗi yake. Mafi muni ma shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa da niyyar kare shi, domin siminti ba ya barin laima ta fita, sai ruwan da ya shiga ta tsaga ya zauna a ciki ya narkar da tubali, bango ya faɗi rana ɗaya alhali fuskarsa tana nan lafiya. Ambaliya da mamakon ruwa irin na 2020 da 2022, waɗanda suka rusa gidajen ƙasa masu yawa a Jigawa, sun ƙara sa jama'a gudun ginin, kuma ba za a zarge su ba, tun da wanda ɗaki ya faɗa wa ba ya tunanin tarihi. Sai dai akwai bambanci tsakanin gidan kwana da kowa ke da ikon sabuntawa da tsofaffin zaurukan fada da gidajen hakimai da masallatai da kufan ganuwa, waɗanda dukiyar al'umma ce. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa a 1979 ta ba da damar ayyana irin waɗannan wurare a matsayin abin kiyayewa, kamar yadda aka yi wa zanen duwatsu na Birnin Kudu da Gidan Makama na Kano, amma doka ba ta yin yaɓe. Birnin Agadas, wanda UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, da masallacin Jenne na ƙasar Mali da mutanen gari ke taruwa su yaɓe kowace shekara, sun tsira ne saboda maginan gargajiya ba su rasa aiki ba.

Game da baƙi kuwa, kuskure ne a zauna jiran Turawa masu kyamara, domin waɗannan kaɗan ne kuma labarin rashin tsaro a wani sashe na Arewa yakan hana su zuwa ko'ina a cikinta. Baƙin da yankin ke da su a hannu su ne 'ya'yansa mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas da ke dawowa gida da iyalansu lokacin Sallah, da ɗalibai da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, da 'yan uwa na Magarya da Damagaram waɗanda harshe da aure da kasuwa suka haɗa su da mutanen Babura tun kafin a ja iyaka. Rufe iyakar da aka yi a 2019 da kuma 2023 ya nuna yadda rayuwar garuruwan bakin iyaka ta dogara da wannan cuɗanya. Duwatsun da suka kewaye Kazaure da madatsar ruwan da ke gefen gari sun isa su sa wanda ya zo kallon hawa ya ƙara kwana, idan ya sami masauki mai tsabta da wanda zai zagaya da shi. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara shi ne ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina, kuma jirgi yana iya sauke baƙo kamar yadda yake iya wucewa da shi, gwargwadon abin da aka tanadar masa.

Aikin farko ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ya kamata majalisun masarautun Kazaure da Ringim, tare da ƙananan hukumomi da manyan makarantun da ke yankin, su ƙidaya tsofaffin gine-ginen da suka rage a kowace gunduma su auna su su ɗauki hotonsu, su naɗi kirari da tarihin sarautu daga bakin dattawan da ke riƙe da su, su kuma ware wani kaso na kuɗin hidimar Sallah don yaɓen shekara da biyan maginan da za su koya wa matasa bakan gizo, tun waɗanda suka iya shi suna da ƙarfin hawa bango.