RANAR DA MAI KAMU YA ZAMA KAMAMME

Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ba inda maganar nan ta fi tabbata kamar a ƙofar gidan yari, ranar da aka iso da ɗan sanda ko gandiroba, aka tuɓe masa kaki, aka tura shi ɗakin da jiya shi ke tura mutane.

A zamanin En'e, ƙasar Katsina tana da 'yan dokarta da gidajen yarinta, duka a hannun Sarki. Shi kansa Sarkin Katsina Usman Nagogo ya shugabanci 'yan doka kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Ɗan doka a lokacin ɗan ƙasa ne. Manomin Funtuwa ko na Malumfashi ya san shi a kasuwar auduga, ya san shi ranar haraji da jangali, har ubansa ya sani. Saboda haka in ƙaddara ta faɗa wa ɗan doka aka ɗaure shi, ba shi da wurin ɓuya, domin gidan da za a kai shi na mutanen ƙasarsu ne. Ran 1 ga watan Afrilu, 1968, gidajen yarin En'e suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, 'yan doka kuma sannu a hankali aka shigar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Mulki ya sake, amma halin ɗan Adam yana nan.

Ɗakin fursuna yana da nasa tsari. Akwai shugaban ɗaki da masu hukunta wanda ya karya doka, kuma baƙo shi ke kwana kusa da bokiti. Da shigarsa za a tambaye shi laifinsa da sana'arsa. Nan ne hankalin tsohon ma'aikaci ke tashi, gama a cikin masu sauraro ba a rasa wanda ya sha mari a caji ofis, ko wanda ya yi shekaru yana jiran shari'a. Wajen biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma da yawansu ɗan sanda suke gani a matsayin mafarin wahalarsu. Gandiroba kuwa tasa ta fi wuya. 'Yan sarƙa suna tuna yadda ya yi da su, abokan aikinsa na jiya su ke riƙe da makulli. In sun sassauta masa a ce son kai, in sun tsananta a ce butulci.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2022 kotu ta aika da Mataimakin Kwamishinan 'yan sanda Abba Kyari waƙafi a Kuje, bisa tuhumar da hukumar NDLEA ta yi masa. Cikin watan Mayu jaridu suka ba da labari cewa waɗansu fursunoni sun yi yunƙurin far masa, hukumar gidajen yari kuwa ta ƙaryata. A Amurka abin ya kai ga jini. Derek Chauvin, ɗan sandan da aka ɗaure saboda kisan George Floyd a 2020, an fara ajiye shi shi kaɗai a Minnesota don tsaron ransa. Bayan an mai da shi Arizona, ran 24 ga watan Nuwamba, 2023, wani fursuna ya soke shi sau 22, da ƙyar ya sha.

Amma akwai ɗaya gefen, wanda talaka ya fi kuka da shi. A 2005 an kawo tsohon Sufeto Janar Tafa Balogun kotu da ankwa, aka yanke masa wata 6, ya yi wani sashi na ɗaurin a Asibitin Ƙasa na Abuja. A Afirka ta Kudu an yanke wa tsohon shugaban 'yan sanda Jackie Selebi shekara 15 a 2010, ya shiga a ƙarshen 2011, aka sake shi a 2012 saboda rashin lafiya. Ko da ciwon gaskiya ne, wanda ya saci akuya yakan tambaya: shi wa zai kai shi asibiti?

To, ina adalci? Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda ake kira da sunan Mandela, sun ce a raba maza da mata, yara da manya, mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci. Ba su ware wa ma'aikaci ɗakin alfarma ba, amma sun ɗora wa hukuma tsaron ran kowane fursuna. Watau a raba shi da wanda ke neman ransa, amma tuwonsa da bargonsa su zama irin na kowa. Alƙali ɗauri ya yanke masa, bai yanke masa duka ba, bai kuma yanke masa hutu ba.

Ma'aikacin da ke riƙe da makulli yau a Funtuwa ko Malumfashi, ya kamata ya dubi ɗakin da yake rufewa ya tambayi kansa ko zai iya kwana a ciki. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.