Kuɗin Bincike da Jadawalin Jami'o'i: Me Lambobin Nan Suke Aunawa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda suka fi son karantawa da kuma waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau magana ce a kan yadda ake gwada jami'a da jami'a. Duk shekara za ka ji an ce wance ce ta ɗaya a duniya, wance ta 300, wance kuma ko a jerin ba ta fito ba. Wani uban da wannan lambar zai yanke shawarar sayar da fili ya tura yaro waje. Wani ɗalibin da ita zai zaɓi inda zai nemi digiri na biyu. To kafin mutum ya ɗora dukiyarsa da shekarunsa a kan lamba, ya kamata ya san me ta auna.

Ma'auni biyu aka fi ɗauka: kuɗin da jami'a take kashewa a kan bincike, da matsayinta a jadawalin da 'yan boko ke kira rankin. Mu fara da kuɗin.

Amurka ce ta fi sauƙin misali, don akwai hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, da take tattara alƙaluman duk shekara tana wallafawa. A shekarar kuɗi ta 2022 jami'o'in Amurka gaba ɗaya sun kashe kusan dala biliyan 98 a kan bincike. Wace ce ta fi kowa? Da yawa za su ce Harvard. A'a. Johns Hopkins ce, wadda take Baltimore, da dala biliyan 3.4, kuma ta fi shekara 40 tana riƙe da wannan matsayi. Abin da Harvard ta kashe a shekarar bai kai rabin wannan ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Fiye da rabin kuɗin Johns Hopkins na wata cibiya ce guda, APL, wadda yawancin aikinta kwangila ce ta ma'aikatar tsaro da hukumar sararin samaniya NASA. Su ne suka ƙera kumbon DART da aka kara wa wani dutsen sararin samaniya a watan Satumba na 2022. Aiki ne babba, ba musu, sai dai ɗalibin da ya shiga aji ɗaya yana karanta tarihi ba ruwansa da wannan kuɗi. Ita ma Caltech tana kula da irin wannan cibiya, JPL, MIT kuma tana da Lincoln, amma su gwamnati tana lissafa su daban, ba sa shiga jimillar jami'ar. Ka ga kenan ko wurin ƙirga kuɗin ma ba da mudu ɗaya aka auna ba.

Abu na biyu, fannin likitanci yana cin kuɗi fiye da kima. Gwajin magani ɗaya a kan dubban mutane sai ya lashe abin da sashen lissafi ba zai kashe a shekaru ba, don shi masanin lissafi allo da alli da kwamfuta sun kusa isarsa. Shi ya sa wadda ta zo ta biyu a 2022 ita ce Jami'ar California ta San Francisco, wadda harkar lafiya kaɗai take yi, ko digirin farko ba ta bayarwa. Princeton da Caltech kuwa ba su da makarantar likitanci, kowaccensu ba ta kusanci biliyan ɗaya ba, amma wa zai ce ƙananan jami'o'i ne a ilimi? Caltech ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 2,500 ba. In ka raba kuɗinta a kan kowane malami, sai labarin ya sauya.

Saboda haka adadin kuɗin bincike yana gaya maka girman wuri da irin fannonin da ake yi a can. Ba ya gaya maka ingancin abin da kuɗin ya haifar.

Yanzu mu koma kan jadawali. Manya guda uku aka fi ambata, kuma kowanne da nasa gwanin.

Na Shanghai shi ne na farko, an fara shi a 2003 a Jami'ar Shanghai Jiao Tong ta ƙasar Sin, da nufin ganin tazarar da ke tsakanin jami'o'insu da na gaba-gaba a duniya. Kashi 30 cikin 100 na makinsa yana kan lambar yabo ta Nobel da ta Fields, wato ta masana lissafi: kashi 20 na malamai, kashi 10 na tsofaffin ɗalibai. Kashi 20 na kan masanan da aka fi kafa hujja da rubutunsu, kashi 20 na kan maƙalun da suka fito a mujallu biyu kacal, Nature da Science, wani kashi 20 na kan yawan maƙalu gaba ɗaya, sauran 10 kuma a raba abin da aka samu da yawan malamai. Ku lura, babu inda aka tambayi yadda ake koyarwa a aji. Harvard ce ta ɗaya a nan tun ranar da aka fara.

Times Higher Education da QS tare suka fara nasu a 2004, suka raba gari a 2009. A wurin QS, abin da ya fi nauyi shi ne jin ra'ayi: a aika wa malaman jami'o'i tambaya, wace jami'a kuke gani ta fi a fanninku? Wannan kaɗai ya daɗe yana ɗauke da kashi 40, daga baya aka rage shi zuwa 30, ra'ayin masu ɗaukar aiki kuma 15. Wato kusan rabin makin suna ne. Shi kuwa suna, kun san shi, wanda ya riga ya yi shi ne ake ƙara kira. MIT ce ta ɗaya a QS tun 2012. A na Times kuma Oxford ce tun 2016. Jadawali uku, zakara uku. Ita kuma Johns Hopkins mai kuɗin nan, a na Times da na Shanghai tsakanin ta 10 da ta 20 take faɗowa.

To shin kuɗi ba ya tasiri kenan? Yana yi, sosai ma. Kuɗi ne yake sayen kayan ɗakin gwaji, ya biya ɗaliban digiri na uku, ya janyo manyan masana, su kuma su yi rubutun da za a yi ta ambata. Ba za ka ga jami'a mara ƙarfin aljihu a 50 ɗin farko ba. Abin da nake so a gane shi ne, kuɗi yana kai ka zauren, amma wurin zamanka a ciki ya danganta da abin da mai jadawalin ya ga damar aunawa.

Kuma duk abin da aka ce da shi za a ba da maki, mutane za su nemi hanyar cin makin. A 2010 Jami'ar Iskandariyya ta Masar ta fito ta 147 a jadawalin Times, kowa ya yi mamaki, da aka duba sai aka ga rubuce-rubucen mutum ɗaya ne da yawan ambatonsu suka ɗaga ta. A Faransa, inda yawancin bincike a cibiyoyin gwamnati ake yi ba a jami'o'i ba, an haɗe makarantu da cibiyoyi wuri guda aka kira su Paris-Saclay, a 2020 sai ga ta ta 14 a na Shanghai. Masanan nan dama suna nan, inuwa ɗaya kawai aka tara su. A Amurka kuma, a 2022, wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya binciki alƙaluman da jami'arsa take miƙa wa mujallar U.S. News, ya nuna ba su daidaita da zahiri ba. Daga ta 2 sai ta koma ta 18. Akwai ma waɗanda suka ce sun bar wasan: Utrecht ta Holan ta daina ba Times bayananta a 2023, Zurich ta bi sahu a 2024.

Mu dawo gida. Jami'o'in Najeriya irin su Ibadan, Legas, Covenant, Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sun fito a jadawalin Times, a Afirka kuma Cape Town ce takan yi gaba. Shiga kanta ba wasa ba ce, sai jami'a ta wallafa aƙalla maƙala 1,000 cikin shekara 5 a mujallun da suke ƙirgawa. Yanzu ku duba aljihun. Asusun bincike na ƙasa da TETFund take rabawa ya kai naira biliyan 8.5 a 2021, wato dala miliyan 20 da ɗoriya a canjin lokacin, na jami'o'in ƙasar duka. Akwai wasu hanyoyin samun tallafi, gaskiya ne, amma ko an haɗa su tazarar tana nan. Wanda yake zagin malamanmu don ba su kamo Oxford ba, ya fara tambayar da me aka tura su kasuwar.

Sannan akwai aikin da ma'aunin ba ya gani da kyau. Mujallun da ake ƙirgawa yawancinsu na Turanci ne, don haka wanda ya yi shekara 10 yana nazarin rubutun ajami, ya fitar da littafi da Hausa ko Larabci, kusan bai ƙara wa jami'arsa maki ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke cinye ƙwanso. Ga manomin wake wannan ya fi masa lambar Nobel amfani, amma babu layin da aka ware wa irin wannan a takardar Shanghai. Wannan ba uzuri ba ne ga yajin aiki, da ɗakin gwaji babu wuta, da aji mai mutum 500. Waɗannan matsaloli ne na gaske, ko da jadawali ko babu.

To me mai neman makaranta zai yi? In digirin farko ne, tambayi ko hukuma ta amince da kwas ɗin, mutum nawa ne a aji, ana gamawa a kan lokaci, kuma ina waɗanda suka gama suke yanzu. In likitanci ne ko lauya ko injiniya a waje, tabbatar hukumar sana'ar a gida ta yarda da takardar kafin a biya ko sisi. In digiri na biyu ne ko na uku, nan kuɗin bincike yake da muhimmanci, amma na sashen da za ka shiga da na malamin da zai duba ka, ba jimillar jami'a ba. Duba jadawalin fanni-fanni, ya fi na gaba ɗaya faɗin gaskiya. Kuma kar ka damu da bambancin ta 410 da ta 460, makin da ke tsakaninsu kaɗan ne, baɗi ma suna iya musanya wuri. In wani ejan ya nuna maka lamba, tambaye shi: jadawalin wa, na wace shekara, kuma me aka auna?

Nan za mu dakata. Wanda ya yi karatu a jami'ar da lambarta ta yi sama ko ta yi ƙasa, ya faɗa mana abin da ya tarar a aji, wasu za su ƙaru. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.