Ina silimun Jos suka tafi?

Haƙar kuza ce ta tara jama'a a Jos, kuma inda leburori da fatake suka taru da 'yan kuɗi a aljihu, dole a nemi abin kashe dare. Haka gidajen silima irin su Rex, New Era da Kwararafa suka samu kasuwa. Fim ɗin Indiya ne sarki, sai na kaboyi da na 'yan Sin masu karate. Da magariba layin tikiti ya miƙe, masu gyaɗa da rake sun kafa kwanuka, matasa sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, don sanyin Jos ba ya ragawa kowa. In fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, mai injin ya sha ihu.

Bidiyo ce ta karya gidajen siliman nan. Daga shekarun 1980 kaset ya shiga falo, faɗuwar naira ta sa sayo fim daga waje ya gagara. Rikicin Jos na 2001 da dokar hana fitar dare suka ƙarasa sauran.

Abin takaici, a garin nan ne Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwata.