Tsiron da Ke Cin Ƙwari

Mun saba ganin fara da tsutsa suna cin ganye. Amma a fadamun kudu maso gabashin Amurka, wajen jihohin Karolina da Jojiya da Fulorida, akwai tsiron da shi ne ke cin ƙwari. Masana suna ce da shi Sarracenia, domin tunawa da wani likita Bafaranshe, Michel Sarrazin, wanda ya zauna a Kanada, ya aika da tsiron zuwa birnin Faris wajen shekara ta 1700.

Ganyensa a naɗe yake kamar kakaki, yana tsaye, baki sama, da ɗan murfi a bisa. Wani irin yakan kusa kai mita 1. Bakin yana fid da ruwa mai zaƙi. In ƙuda ya zo lasa, sai santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. Ga kuma gashi a can ciki, duk ya karkata ƙasa, ba halin hawowa. Nan zai narke, tsiron ya tsotse. Mutane da yawa suna tsammani murfin yakan rufe kamar tarko. A'a, ba ya motsi.

Me ya kai shi ga wannan? Ƙasar fadamar nan mai tsami ce, ba ta da abincin shuka. Abin da saiwa ta rasa a ƙasa, ganye ya samo daga ƙwari.

To, a nan ne masu shuka shi a lambu sukan yi kuskure, gama alherin da muke yi wa masara shi ke kashe wannan tsiro. In aka zuba masa taki, saiwar ta ƙone. Ƙasar lambu ma ba ta yi masa. Sai a haɗa ruɓaɓɓen gansakukan fadama da wankakken yashi a tukunya, a ɗora ta cikin faranti mai ruwa, kada ta bushe ko da yini ɗaya. Ruwan kuwa na sama ake tara masa, domin gishirin da ke cikin yawancin ruwan rijiya da na famfo yakan taru ya illata shi. Yana son rana sosai, aƙalla awa 6 kowace rana. Kada yara su jefa masa nama don tausayi, ruɓar da ganyen zai yi. A waje shi ke kama abincinsa.

Abin da ya fi wuya shi ne sanyi. Kowace shekara yana bukatar hutun wajen wata 3 cikin sanyi mai ƙarfi, irin na ƙasarsa, wanda hunturunmu bai kai ba. Ganyen yakan bushe, har a ce ya mutu. Masu lambu a Ingila sukan bar shi a waje, su rage ruwa, su yanke busassun ganye. Da sanyi ya wuce, yawanci fure ke fara fitowa, sa'an nan sababbin kakaki su biyo baya.