Tsokar da ke rufa wa ƙarfe asiri

Idan likita ya gama aiki a ƙashin baya, ya ɗaura kusoshi da sandunan ƙarfe, sai a ɗauka abin da ya rage ɗinki ne kawai. Sau da yawa a nan matsalar take farawa. Don a kai ga ƙashin, dole a ɓamɓare tsokokin da ke kwance a gefensa biyu, wani lokaci kuma a cire wani sashe na ƙashin. Idan aka ja fata aka rufe a haka, kogo ne ya rage a ciki. Jini da ruwa su taru, ƙwayoyin cuta su samu masauki. Ƙarfe kuwa jini ba ya ratsa shi, saboda haka maganin da aka sha ko aka yi allurarsa da ƙyar yake isa inda ƙwayoyin suka maƙale.

Dabarar likitocin gyaran jiki ita ce su cike kogon da tsoka mai rai. Sukan saki doguwar tsokar da ke bin ƙashin baya ta gefe, su tsaga tantanin da ya lulluɓe ta, su jawo ta dama da ta hagu zuwa tsakiya, ɗaya ta hau kan ɗaya kamar shafin riga, ƙarfen ya ɓace a ƙarƙashinsu. Tsokar ba ta mutuwa domin jijiyoyin jini da yawa ne ke ciyar da ita daki-daki, daga tsakanin haƙarƙari da kuma ƙugu. A 1981 ne wasu likitoci biyu, Mathes da Nahai, suka kasa tsokoki gida 5 bisa yadda jini ke shigarsu, kuma likitoci na dogara da wannan rabo har yau. Idan raunin a wuya yake, akan aro tsokar kafaɗa. Idan can ƙasa ne, ta ɗuwawu.

Da can sai rauni ya ruɓe ake kiran masu wannan aiki. Yanzu asibitoci da dama sukan shigo da su tun ranar tiyata, ga mai ciwon suga, ko wanda aka yi wa gashin cutar daji, ko wanda ake sake buɗewa karo na biyu. A ganina wannan ya fi hikima. Aikin yana ƙara tsawo, kuma majinyaci zai yi kwanaki da robar zuƙe ruwa a bayansa, amma bai kai wahalar a koma a zare ƙarfe daga raunin da ke zubar da mugunya ba.