Tarihin magadan garin Dearborn, birnin masana'antar motoci a Amurka

Yawancinmu mun fi sanin sunan shugaban ƙasa fiye da na magajin garinmu, alhali kwata da shara da fitilun titi da filin gina makaranta duk a hannun magajin gari suke. Bari mu duba tarihin Dearborn, wani birni a jihar Michigan ta Amurka da ke maƙwabtaka da Detroit, mu ga yadda wannan kujera take juya rayuwar mutane. Ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutane kusan 110,000, kuma fiye da rabinsu 'yan asalin Gabas ta Tsakiya ne da Arewacin Afirka.

Dearborn garin Henry Ford ne, mai kamfanin motoci na Ford. A nan ya gina babbar masana'antar River Rouge, wadda a shekarun 1930 ta ɗauki ma'aikata kusan 100,000. A 1929 aka haɗe Dearborn da garin Fordson suka zama birni ɗaya, kuma magajin gari na farko shi ne Clyde Ford, ɗan uwan mai kamfanin. Tun daga nan ake ganin wanda yake riƙe da akalar gari. Ranar 7 ga Maris, 1932, lokacin tsananin karayar arziki, dubban marasa aiki suka yi tattaki zuwa ƙofar masana'antar suna neman aiki da abinci. 'Yan sandan birnin da masu gadin kamfanin suka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu a ranar, na biyar ya cika daga baya. Sai a 1941 kamfanin ya amince da ƙungiyar ƙwadago.

A 1942 Orville Hubbard ya hau kujerar, bai sauka ba sai 1978, wato shekara 36. Mutanen gari sun yi ta zaɓensa saboda aikinsa: ana kwashe shara a kan lokaci, ana share ƙanƙara daga tituna, an gina wuraren shaƙatawa. Amma a fili yake cewa ba ya son baƙaƙen fata su zauna a birnin. Da yawa daga baƙaƙen fatan da suke zufa a masana'antar Ford sai dai su kwana a Detroit ko a garin Inkster. A zamaninsa ne hukumar birni ta nemi mayar da unguwar Southend, inda Larabawa da sauran ma'aikata baƙi suke zaune a gindin masana'antar, ta koma filin masana'antu. Aka saye gidaje aka rushe. Mazauna unguwar suka haɗa kai suka kai hukuma kotu a farkon shekarun 1970, kuma unguwar tana nan har yau. Gunkin Hubbard da aka kafa a gaban ofishin magajin gari kuwa an ɗauke shi a 2015.

Bayan yaƙin basasar Lebanon ya ɓarke a 1975, Larabawa suka ƙaru sosai a birnin, daga baya 'yan Yemen da Iraƙi suka yawaita. A zaɓen 1985, ɗan takara Michael Guido ya raba takardar yaƙin neman zaɓe da ta kira Larabawan garin matsala, kuma ya ci. Wannan ya farkar da su. Ƙungiyoyinsu suka shiga yi wa mutane rajistar zaɓe, har a 1989 Suzanne Sareini ta zama ta farko cikinsu da ta shiga majalisar birni mai kujeru bakwai. Guido kansa, da ya ga ƙuri'unsu sun yi nauyi, ya sauya salo ya ƙulla hulɗa da su, ya rasu yana kan mulki a ƙarshen 2006. John O'Reilly ƙarami, wanda mahaifinsa ma ya taɓa riƙe kujerar bayan Hubbard, shi ya gaje shi.

A watan Nuwamba 2021 aka zaɓi Abdullah Hammoud, ɗan iyayen da suka yi ƙaura daga Lebanon, yana da shekara 31. Shi ne Balarabe na farko kuma Musulmi na farko da ya zama magajin garin Dearborn. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masu zaɓe a lokacin shi ne ambaliyar da ta shiga dubban gidaje a watan Yuni na shekarar, da nauyin harajin gidaje, da tuƙin ganganci a tituna.

Akwai abin lura a gare mu cikin wannan tarihi. Hubbard ya tsaftace gari, amma ya zalunci wani ɓangare na bayin Allah, kuma zaluncin ne ya fi bin sunansa. Su kuma Larabawan Southend, daga shekarar da aka kira su matsala zuwa shekarar da aka zaɓi ɗansu sun yi shekara 36 suna rajista, suna halartar zaman majalisa, suna kaɗa ƙuri'a. Shugabanci amana ne, zaɓen wanda za a ba shi ma amana ne. Idan zaɓen kansiloli ya zo a garuruwanmu, mu tambayi kowane ɗan takara abin da zai yi da kwata da kasuwa da makaranta, da yadda zai riƙe baƙo da marar galihu. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci.