Jariran da Ake Haifa Ƙanana: Me Ke Hana Wasunsu Tsawo?

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Kajuru, daga Kufana zuwa Kasuwan Magani, mata da yawa suna haihuwa ne a gida, ba a ɗora jariri a ma'auni. Saboda haka idan yaro ya kai shekara huɗu sa'o'insa sun kere shi tsawo, sai a ce gado ne, alhali kuwa sau da yawa tun a ciki matsalar ta faro.

Likitoci sun bambanta bakwaini da jaririn da ya cika wata tara amma nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba. Shi na biyun abinci ne bai ishe shi ba a mahaifa. A ƙasarmu manyan dalilan su ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙwayoyinsa ke taruwa a mabiyya, da ƙarancin jini, da hawan jini, da rashin abinci mai gina jiki.

To, yaya yaro ke girma? Can a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, shi ke zubo sinadarin girma cikin jini jefi-jefi, galibi da dare lokacin da barci ya yi nauyi. Wannan sinadari shi ke sa hanta ta fitar da wani sinadarin kuma, wanda ke miƙar da ƙashi.

Wajen tara cikin goma na irin waɗannan jarirai sukan cim ma sa'o'insu kafin shekara biyu. Sauran, idan aka gwada jininsu, akan tarar da yawancinsu suna da sinadarin, sai dai a wasu yana zubowa kaɗan, a wasu kuma jiki ba ya amsa shi sosai. Yaron da ke fama da yunwa ma haka ne: sinadarin kan yi yawa a jininsa, amma hanta ta kasa aiki da shi.

Tun 1985 ake haɗa wannan sinadari a masana'anta, kuma a 2001 Amurka ta yarda a yi wa irin waɗannan yara allurarsa, Turai ta biyo a 2003. Allurar kullum ce, shekara da shekaru, ga tsada, kuma ba ta maye gurbin abinci. Wannan abin lura ne a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na ƙananan yaranta sun tsumbure.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin rigakafin zazzaɓi da na ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro. A auna jariri ran haihuwa, a adana katinsa. In ya wuce shekara biyu bai cim ma sa'o'insa ba, a nemi a tura shi wurin likitan yara a Asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Shika.